Faɗuwar Malam Labbo

Maƙwabciyata Bilki ce ta kawo mini zancen ranar Talata da hantsi. Ta shigo aron rariya, ta fita ba ta ɗauka ba.

"Malama, wai kin ji abin da garin ga ka faɗi? Mutumin naki farfaɗiya garai."

Na ajiye tsintsiya. "Wa ya gani?"

"Kowa ya sani."

"Ban ce wa ya sani ba, Bilki. Wa ya gani?"

Sai ta gyara zama a bakin rijiya. Wai mata masu itace ne suka hango shi sau biyu a bayan dutsen da ke kusa da rugarsu, yana tasowa daga cikin kwari, riga duk ƙasa, hannu yana jini, yana waige-waige. Wai gubar dalma ce ta tashi masa, tun shekarun da ya yi yana duba dabbobi a Tungar Daji lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje.

Ga wanda yau ya fara bin labarin nan, sunana Basira, shekarata sittin da huɗu, a Anka nake. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata kafin in ajiye alli. Mijina Malam Sanusi ya rasu shekara uku ke nan. Wanda Bilki ke kira mutumina shi ne Malam Labbo, tsohon malamin dabbobi, Bafulatani siriri, gajere, mai shekara sittin da tara, wanda ya yi wata biyar yana tako ƙafa daga ruga zuwa zaurena da kwalbar man shanu a aljihu. Ya nemi aurena. Na ce masa ya ba ni zuwa Juma'a.

Kafin azahar zancen ya isa zauren watsap na 'ya'yana. Babbansu Abdulwahabu, da ke aiki a Gusau, ya rubuto:

"Inna, don girman Allah ki duba. Shekara shida kina jinyar Baba. Ba za mu zuba ido ki koma wata jinyar ba. Ɗakinki na nan an gama fenti, har fanka na sa. Juma'a ina tafe da mota."

Mardiyya, autata da ke aure a Bukkuyum, saƙon murya ta turo na minti huɗu, rabinsa kuka.

Ban yi fushi da su ba. Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa musu ba. Shekara shidan da Malam Sanusi ya yi da shanyewar ɓarin jiki, ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi koko da cokali ina share gefen bakinsa. Na yi don Allah, na yi don shi, kuma da za a maido ni baya zan sake yi. Amma ranar da aka kai shi makwancinsa na yi kuka har muryata ta dishe, sannan na kwanta na yi barcin da ban yi irinsa ba tun ina budurwa. Har yau ina jin kunyar daɗin barcin nan. Saboda haka da Abdulwahabu ya ce jinya, ba shi kaɗai ya ji tsoro ba.

Sai dai ni ban iya karɓar magana don kawai bakuna da yawa sun faɗe ta. Na ga yaran da dalma ta kama a wancan lokaci, na san su take kayarwa da jijjiga, ƙanana masu rarrafe a ƙasa. Ban ce ba ta taɓa manya ba. Amma ta yi shiru shekara goma sha, sai yanzu da mutum ya fara zuwa zance ta tuna da shi? Na ce bari in gani da idona.

Laraba ya zo, kamar kullum, ana sallame la'asar. Farar jamfa, malafa, sanda a kafaɗa. Na shimfiɗa tabarmata a zaure, na ajiye masa kujerar roba da kwanon fura. Ya yi abin da ya saba, ya ja kujerar ya juya ta yadda zan kasance a damansa. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin girmamawa, har nakan ji daɗi a raina.

Muka gaisa, ya tambayi tumakina ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan ƙanensa. Sannan na ce, "Malam, buɗe tafin hannunka in gani."

Ya buɗe. Gindin tafin biyu duk sun saɓule.

"Fitar da harshenka."

"Subhanallahi! Malama, mi na yi?"

"Fitar dai. Ai kai ma haka kake yi wa shanu."

Ya dubi ƙofa, ya tabbata ba mai wucewa, ya fitar da shi kamar wanda aka ce ya tuɓe a kasuwa. Harshe lafiya lau, ba alamar cizo ko ɗaya. Na sauke ido ƙasa. A ƙaurinsa akwai 'yan huje-huje a jere, kamar an danna masa mataji. A bakin wandonsa na dama kuwa, baƙin maiƙo ne wanda wanki biyu bai fitar ba.

Na ce, "Malam, tun yaushe farfaɗiya ta fara shafa wa mutane baƙin mai a ƙafar dama?"

Na nuna masa maiƙon, na nuna ƙaurinsa.

"Sarƙar keke a dama take. Wannan kuma haƙoran feda ne. Ni na hau keke shekara uku a kwalejin horon malamai, na san tabon."

Ya cire malafa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana juya ta. Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo.

"Ban taɓa hawa ba, Malama. Ina yaro shanu nike bi. Da na girma na kama aiki, bayan babur ɗin wasu anka riƙa ɗora ni. Yaro ɗan shekara goma ma a wurinmu ba ya son a ga faɗuwa tai, balle ni."

"To me ya kai ka yanzu?"

"Tafiyar ta fara yi min tsawo. Babur kuwa kin san halin da daji ke ciki, mai babur shi ake tarewa. Keke ba ya kuka, ba ya shan mai, ba mai kwaɗayinai."

Magana ce mai ma'ana, na karɓa. Ya ce a Gummi ya sayo, wurin wani Arzika wanda ya taɓa yi wa shanun mahaifinsa magani, kuma Arzika ya ce in bai yi ba a dawo a musanya. Sati uku ke nan yana fita da shi bayan dutse inda dawa ta rufe, ya hau, ya faɗi, ya tura keken cikin ciyawa in ya ji muryar mutane.

"Ka gwada shi a shago kafin ka saya?"

"Gaban jama'a?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ce mai na yi jikana zan saya wa."

"Jikan naka yaya tsawonsa?"

"Ya fi ni da kai guda."

Na yi dariya har sai da na riƙe ciki, Allah ya yafe mini. Shi kuwa ya leƙa waje ya dubi rana, ya miƙe da sauri ko rabin furar bai sha ba. Kullum haka yake, rana na fara ja zai tashi. Na ɗauka tsoron hanya ne.

Na ce, "Gobe ka fito da keken tasha. Gummi za mu."

Na kira Mardiyya na ce ta jira mu a mahaɗar Bukkuyum, ina son shaida wadda 'yan uwanta za su yarda da ita. Alhamis da sassafe na sa atamfata mai ruwan goro da farin hijabi, na jefa tef ɗin awo na ɗinki a jaka. A mota Malam Labbo ya zauna gaba, ni baya, kamar ba mu taɓa ganin juna ba, keken a ɗaure a but ɗin motar, tayarsa ɗaya a waje. Kowa bakinsa na motsi da addu'a har muka wuce inda ake jin tsoro. Mardiyya ta shigo, ta gaishe shi a taƙaice, ta matso kunnena.

"Inna, in ya faɗi cikin motar ga fa?"

"Sai ki ba shi wuri."

Shagon Arzika rumfar kwano ce a bakin kasuwa, kekuna a rataye kamar naman Sallah. Mutum ne mai ƙiba da bakin ciniki. Yana ganinmu ya taso.

"Baba Malam! Jikan bai so shi ba?"

Malam Labbo ya fara laluben amsa. Na ce, "Ga jikan nan tsaye gabanka."

Arzika ya dube shi daga malafa zuwa takalmi, ya dubi keken, ya dafe kai. "Innalillahi! Baba, ai da ka faɗa min! Wanga ko ni sai na yi ɗage."

A ranar na ƙare wa keken kallo. Ja ne, mai sheƙi, irin masu ƙaton taya da aka yi don hawa duwatsu, da sifirin gaba da baya, da rubutu har a jikin sirdi. Na ce Malam ya tsallaka ƙarfen tsakiya ya tsaya. Ya dubi 'yan kallon da suka fara taruwa, ya dube ni, ya tattare jamfa ya tsallaka. Yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa. Mardiyya ta rufe baki da hijabi.

Na ce wa Arzika ba ma son na arha wanda zai watse kafin kaka, ba ma son na masu gasa. Na tsaka-tsaki, daidai da wanda aka dawo da shi. Ya sauko da biyu. Ɗaya ƙanen jan ne, sabo fil, shuɗi, shi ma sifirin gaba da baya, da birkin faifai irin na babur. Ɗayan toka-toka ne, na hannu, ɗan Kwatano, fentinsa ya kwarzane a gefe, sifirin a gaba kawai, birkinsa na roba mai kama bakin gargare.

"Hajiya, shuɗin za ku ɗauka," in ji Arzika. "Giya ashirin da ɗaya! Sifirin biyu! Kowa shi ka saye. In Baba ya shigo Anka da shi sai an tsaya kallo."

"An riga an yi kallon, shi ya kawo mu. Malama ce, ban je Makka ba tukuna. Miƙo shi nan."

Na ɗaga shuɗin da hannu biyu, da ƙyar ya bar ƙasa. Na ɗaga tokan, ya taso kamar bokitin da ba ruwa. Na danna sirdin shuɗin, ya lotsa ya dawo yana ƙara kamar tsohon gado.

"Arzika, in mutum ya taka feda, ƙarfinsa ina ya kamata ya je?"

"Taya."

"To wannan rabin ƙarfin lilo yake tafiya. Sifirin baya na gaske akwai shi, amma ba a wannan kuɗin ba. Mutum mai shekara kusan saba'in ba shi da ƙarfin da zai ba lilo sadaka."

Wani mai sayar da rake ya ce, "Ta gama da kai, Arzika."

"Birkin fa?" Arzika bai saduda ba. "Na faifai ko cikin ruwa shina kamawa."

"Gaskiya ne, wannan na ba ka. To in faifan ya lanƙwashe a kan dutse, wane mai faci ne a Anka ke da irinsa?"

Ya sosa ƙeya. "Sai an aiko nan. Ko Gusau."

"Robar birki fa?"

"Ko'ina akwai."

"Giya ashirin da ɗayan, nawa kai kake amfani da su in ka hau?"

Ya yi dariya. "Uku. Wallahi Malama da ke ce kika koyar da ni da na ci jarrabawa."

Na juya tayoyin tokan ɗaya bayan ɗaya ina kallon ko suna rawa, ba sa yi. Na bi jikinsa da yatsa ina neman tsagewa ko walda, babu. Na sa aka canja masa tib biyu sababbi saboda ƙayar hanyar ruga. Na auna ƙafar Malam da ido, na auna keken da tef, na ce ya tsallaka. Tafin ƙafarsa biyu suka zauna daram a ƙasa, da sauran tazarar yatsu uku tsakaninsa da ƙarfen.

Ya yi ƙasa da murya. "Malama, wanga bai yi kama da na yara ba? Ga shi tsoho."

"Kai sabo ne?"

A karon farko tun da muka fito ya yi murmushi.

Bayan kasuwa akwai filin ƙwallo, ba kowa sai awaki. Can muka tura keken. Na sa Arzika ya sauke sirdi ƙasa sosai. Na ciro robar ɗaure gashi a jaka na ba Malam ya ɗaure bakin wando. Na ce kada ya taɓa feda, ya zauna ya riƙa tura ƙasa da ƙafa kamar agwagwa, ya ɗaga ido ya dubi nesa, ya bar kallon taya. Ya yi ta yi, gumi na bin gemunsa. Mutumin da ya yi sati uku yana faɗowa daga keken da ya fi ƙarfinsa, wannan wasa ne a wurinsa. Kafin a kira azahar ya ɗora ƙafa kan feda, ya tafi, ya tafi, jamfa na kaɗawa a bayansa.

Mardiyya da ta zo da fuska a ɗaure ita ce ke tsalle. "Baba Malam, taka! Taka!" Ta ɗauki bidiyo ta tura zauren gida, ta rubuta a ƙasa: "Ga farfaɗiyar taku nan tana tuƙa keke." Wayata ta yi ƙara. Abdulwahabu ne: "Ikon Allah. Inna, ki yafe mana. In dai lafiyarsa lau, ba ni da ta cewa. Juma'ar sai in zo mu gaisa da shi kawai."

Da a nan na rufe ido, da yau labarin farin ciki kuke karantawa. Amma shekara talatin da biyu na yi ina gaya wa yara kada su daina kallo don sun sami amsar da suke so.

A zagaye na uku fedarsa ta hagu ta daki wani bulo da yara ke yin raga da shi. Bulo fari, a fili, rana tsaka. Ya yi tangal-tangal ya sa ƙafa. Na ce sabon hannu ne. A zagaye na biyar wata akuya ta taho daga hagunsa tana tafiyarta a hankali, tun daga nesa kowa ya gan ta, shi bai kauce ba sai da ta yi kuka a gindin tayarsa. Da wata ta ɓullo ta dama kuwa, tun da sauran taku goma ya kama birki.

Sai kujerar zaurena ta faɗo mini a rai. Da yadda yake juyo da kai gaba ɗaya in ana magana. Da yadda yake leƙa rana ya tashi da sauri.

Na aiki Mardiyya ta sayo mana ruwa mai sanyi, na ce Arzika ya je ya ɗaura wa keken kariyar ɗaukar kaya a baya. Malam ya zauna a gindin darbejiya yana haki, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci gasar karatu. Na zagaya ta bayansa na tsaya a hagunsa, ba nisa. Na ciro jan hankicina na miƙa masa daidai kafaɗa. Na ƙirga ashirin a zuci. Yana ta kallon fili yana murmushi. Na kaɗa hankicin. Ko ƙyaftawa bai yi ba.

"Malam."

Ya zabura, ya juyo da dukan jikinsa. Ya ga hankicin, ya ga fuskata. Murmushin ya tafi.

Na dawo damansa na zauna a kan saiwa. "Ba ƙafarka ce ta gaji ba. Mutumin da ya bi shanu har Kwara ba tafiyar awa ɗaya da rabi za ta gajiyar da shi ba. Me ya sa kake son keke?"

Awaki na ta cin takarda a gabanmu.

"In na taso daga wurinki rana ta yi ja, kafin in kai rabin hanya ban ganin inda nike sa ƙafa. Shi ya sa nike gudu in bar furarki. Na lissafa, da keke rabin awa ce. Sai in ƙara awa guda a zaurenki, in koma da sauran haske."

"Yaushe za ka gaya mini?"

"Kullum da niyyar nike tahowa. Sai in tuna shekara shidan da kika yi. Na so a ce farfaɗiyar ce anka faɗi ta yi ta yawo, don ita na san ƙarya ce."

Daga nesa na hango Mardiyya tana tahowa da ledar ruwa, tana dariya da waya a kunne, na san da yayanta take magana. Gobe Juma'a. Su sun gama yarda, ba wanda zai sake tambayata komai. Ɗakin Gusau da fankarsa na nan, zaurena da kujerar roba na nan.

Malam Labbo ya cire malafa, ya zaro wata takarda daga cikin rufinta, ta yi laushi don ninkewa da gumi. Ya miƙo mini da hannu biyu. Ta asibitin ido ce. Na sa tabarau na karanta har ƙasa, na sake karantawa.

Malam Labbo ba shi da farfaɗiya. Hawan jinin ido gare shi. Na hagu ya mutu shekara biyu da suka wuce, ba ya dawowa. Na dama ya fara bin sa.